Cin Tsaye

Wannan watan ma allurar sikelin ba ta gusa daga inda ta tsaya wancan watan ba. Nas ɗin ta sauke yarinyar, ta sake ɗora ta, ta ƙwanƙwasa gilashin da farce, sannan ta dubi uban ta saman tabarau. Ta ce masa madarar kwalba kaɗai ba za ta riƙe 'yar wata tara ba, balle wadda kwalbar ma sai an yi dambe take sha. Ta tambaye shi me yake ba ta. Ya jero mata a natse, kamar yana faɗa wa baƙo abin da kicin ya dafa yau: dankali murjajje an tace, karas murjajje an tace, ayaba, gwaiduwar ƙwai.

"To, tana ci?"

"Ana kai mata," in ji shi.

"Malam, ban tambaye ka ko ana kai mata ba. Ni ma kullum ana kawo mini takardu, ai ba cinye su nake yi ba."

Matan da ke layi suka yi dariya. Shi kaɗai ne namiji a kan bencin, ya sa farar riga mai guga, yana sa wa yarinyar safa. Nas ta sassauta murya. Ta ce ya daina tacewa, ya riƙa dafa abu ya yi laushi, ya yanka shi kamar tsawon yatsa, ya zaunar da ita a miƙe, kuma kada ya matsa ko'ina tana ci. Idan ta yi kakari tana tari da ƙara, ya ƙyale ta, iska na wucewa. Shirun ne abin tsoro. Ya ce to. Amma daga duk bayanin, maganar shirun kaɗai ya taho da ita gida, don haka ya ci gaba da tacewa.

A wurin aiki Mai Tawul ake ce masa. Shekara goma sha wani abu ya yi yana kai wa baƙi abinci a ɗakin cin abincin wani otal, da farin tawul a ninke a hannunsa na hagu, kuma ba a taɓa ganin ɗigon miya ya bushe a teburin da yake kula da shi ba. Shi manaja ke nuna wa sababbin ma'aikata. Tun yana sabon shiga aka koya masa cewa mai kai abinci ba ya zama, ba ya tauna a gaban baƙo, kuma ba ya jira a nuna masa ɓurɓushi. Ya riƙe wannan har ya zame masa jiki.

Matarsa tana kwance a babban asibiti, can ɗaya gefen gari, tun yarinyar tana wata shida. Maganin da ake ƙara mata ya hana shayarwa, sashen da take kuma ba a shiga da yara. Ranar hutunsa yakan rungumi yarinyar ya hau mota biyu, ya tsaya a filin ajiye motocin asibitin, ƙarƙashin wata taga a hawa na uku, ya ɗaga ta sama da hannu biyu. Uwar takan leƙo, baki da hanci a rufe da ƙyalle, ta ɗaga hannu har sai ta gaji. Daga can sama ba a gane yaro ya rame.

Yayar matar kuwa ko ta waya tana ganewa. A wani gari take, tafiyar yini guda, ta raini 'ya'ya shida duk sun yi ɓul-ɓul. Da ya faɗa mata abin da aka gani a awo, ba ta yi faɗa ba. Ta ce raino ba aikin namiji shi kaɗai ba ne, kuma ba laifinsa ba ne. Ta ce ranar awo mai zuwa za ta zo da kanta. Idan allurar ba ta hau ba, za ta tafi da yarinyar har sai uwar ta warke, ko wata nawa ne. Ya so ya ce mata to tagar fa, wa zai riƙa kai ta ƙarƙashin tagar. Bai faɗa ba, don ya san amsar: gara a yi kewar yaro da a rasa shi. Ya ce, "To, Yaya."

Tun kwanciyar matar aka mayar da shi aikin safe. Yakan fita da asuba ya miƙa yarinyar ga wata tsohuwa da ke zaune a ƙasan benensu, wadda duk gidan ke kira Kaka, ya dawo kafin azahar ya karɓe ta. Kaka ba ta da haƙori ko ɗaya, shayi ne rayuwarta, talabijin ɗinta kuma ba ta hutawa. Kwalba kawai take ba yarinyar. Ta ce ita da ta kusa tafiya ba za ta ɗauki alhakin 'yar mutane ta shaƙe a hannunta ba. Takan ce su biyun duk jirgi ɗaya ya kwaso su, ba haƙori, ba mai sauraron maganarsu.

Abincin rana da na yamma nasa ne, kuma yana yin su yadda ya iya. Akwai kujerar yara mai tire a gaba da otal ya yar saboda maɗaurinta ya tsinke. Ya ɗauko ya ɗinke. Yakan zaunar da yarinyar a ciki, ya ɗaura mata ƙyalle a wuya, ya goge tiren har ya ɗauki ido. Sai ya tsaya ta hagunta, ɗan kwano a hannu, tawul a inda ya saba.

"Madam, ranki ya daɗe, an kawo. A ɗan taɓa."

Madam takan kalli cokalin, ta kalli bango, ta datse leɓe. Idan ya yi sa'a bakin cokalin ya taɓa leɓenta, kafin ta lasa ya goge. Idan ta miƙo hannu wajen kwanon, ya janye shi gefe, kamar yadda yake janye kofi daga kusa da gwiwar hannun baƙo, ba tare da ya san ya yi ba. Idan yatsanta ya dangwali wani abu, ya kama hannun ya share yatsun ɗaya bayan ɗaya. Ana gamawa yarinyar tsaf take, tiren tsaf, kwanon kuma a cike. Sai ya kwantar da ita a ɗaki, ya koma wurin wanke-wanke, ya ba ƙofa baya, ya cinye abincin nata a tsaye da loma uku ko huɗu, ya wanke kwanon. Nasa abincin ke nan. Ko da matarsa tana gida haka yake ci. Takan ce ta auri mutumin da ke jiran mota a kicin.

Ya canza cokali, ya sayi na roba mai laushi. Ya gwada da ɗumi, ya gwada da sanyi. Ya yi mata jirgin sama da cokalin kamar yadda wata mata ta nuna masa a layin awo, jirgin ya yi ta shawagi bai samu wurin sauka ba. Kowace yamma, idan ya cire mata riga zai yi mata wanka, yakan ga haƙarƙarinta kamar an zana.

Wata safiya aka ba shi teburin da ke kusa da taga. Wani mutum ne da matarsa da ɗansu, wanda ba zai fi tasa da wata guda ba. Suka nemi kujerar yara, ya kawo. Uwar ta gutsuttsura dafaffen ƙwai da ayaba ta zube su a kan tiren kai tsaye, ba faranti ba cokali, ta juya ga shayinta. Nan da nan yaron ya damƙi ayabar ya matse, ta fito ta tsakanin yatsunsa. Mai Tawul ya matso da tawul. Matar ta ɗaga masa hannu ba ta ko dube shi ba, ta ce ya bar shi, sai sun gama.

Ya koma jikin bango ya tsaya, hannu a baya. Aikin mai kai abinci rabinsa kallo ne: ana kallon hannun baƙo da bakinsa, don a san lokacin ɗauke faranti. Da wannan idon ya kalli teburin, da shi kuma ya ga abin da ya gani. Yaron ba abincin yake kallo ba. Bakin ubansa yake kallo. Uban ya gatsi biredi yana karanta wani abu a waya, muƙamuƙinsa na juyawa. Sai na yaron ma ya fara juyawa, alhali ba komai a bakinsa. Uban ya kai loma, yaron ya bi ta da ido tun daga faranti har ta ɓace. Can sai ya dubi hannunsa, ya ga ƙwai a manne, ya tura hannun duka a baki.

Da suka tashi, abin da Mai Tawul ya share a ƙarƙashin kujerar ya fi abin da ya shiga cikin yaron. Ya kwashe ya kai baya. Lokacin cin abincin ma'aikata ne, a lungun da ke bayan kicin, tsakanin firij da tulin kwanukan wanki. Ya tsaya a bakin lungun da tsintsiya a hannu. Mutum shida ko bakwai, kowa a tsaye, kowa ya fuskanci bango da farantinsa a ƙirji, ba ka ganin komai sai bayan riguna da kunnuwa na motsi. Kuku ya ce masa in ba zai ci ba ya ba mutane hanya, nan ba gidan kallo ba ne.

Ya ɗauki farantinsa, amma bai ci ba. Yana ta ƙoƙarin tuno ranar da 'yarsa ta ga wani ya sa abinci a baki ya tauna. Uwarta tun kafin a kwantar da ita cin abinci ya gagare ta. Kaka sai kurɓa. Shi kuwa bayansa kawai ta sani, in ma ta hango shi ta ƙofa.

Ran nan da ya dawo bai ɗauko rariya ba. Ya dafa dankali da karas har suka kai yadda yatsa biyu ke murje su, ya yanka dogo-dogo. Akwai ƙaramin tebur a falon da kujeru biyu. Ɗaya ta matarsa ce, wanki ya taru a kai. Ɗayar, wadda ake cewa tasa, dutsen guga ne ke zaune a kanta tun da suka tare. Ya sauke dutsen gugar. Ya jawo kujerar Madam ya sa ta fuskanci teburin, ya ɗora mata yanka uku a tire, ya zuba sauran a faranti. Ya dubi tawul ɗin hannunsa, ya san halinsa, sai ya shimfiɗa shi a kujera ya zauna a kai.

Zaman ya zo masa baƙo. Bai san inda zai ajiye hannun hagu ba. Teburin ya yi masa kusa da fuska. Ya ɗauki dankali da hannu ya kai baki, ya ji ƙarar taunarsa ta cika ɗakin, don ba wani sauti sai na firij. Yarinyar ta zuba masa ido ba ƙiftawa. Kunya ta kama shi, kunyar 'yar wata tara, har ya ga hannunsa ya tashi zai kare baki. Ya mayar da shi ƙasa. Kafin ta gama mamakin ganinsa a zaune, farantin ya ƙare. Loma huɗu, kamar kullum. Dole ya tashi ya ƙaro, ya fara daga farko, yana tauna kowace loma har ta gundure shi.

Ba ta ci komai ba ranar. Ta matse karas, ta shafa a tire, ta shafa a gashi, ta leƙa ta jefar da dankali ƙasa ta bi shi da kallo. Ya ji faɗuwarsa kamar a ƙirjinsa. Ya danne tawul ɗin da nauyinsa bai motsa ba. Bayan ya yi mata wanka ta yi barci, ya durƙusa ya goge ƙasan sau biyu.

Haka suka yi ta yi, rana da yamma. Ya koyi buɗe baki sosai ta ga lomar ta shiga. Ya koyi yin "mmm", abin da ko a mafarki bai taɓa yi ba. Ya fara yi mata hira don kashe shirun, yana ba ta labarin baƙin safe: wanda ya mayar da ƙwai sau biyu, da wadda ta zuba gishiri a shayi ta ce laifin kicin ne. Madam takan amsa da buga tire. Da yake yanzu sai ya ci faranti biyu a kowane zama don ya ja lokaci, wandon aiki ya fara matse shi. Kuku ya lura. Ya tambaye shi ko shi aka ce za a ɗora a sikelin, don in shi ne, magana ta ƙare.

Wata rana ta lashi yatsanta, ta yamutsa fuska, ta sake lasa. Bayan kwana biyu ta ƙyale abin da ke tirenta, ta miƙe jiki iya maɗauri ta kai hannu farantinsa. Hannunsa ya riga shi tunani, ya fara janye farantin. Ya tsaya. Ya tura mata shi. Ta damƙi karas da dukan tafinta, ta kai shi kumatu, ta kai shi hanci, a na uku ta samu baki. Ta dantse shi da dasashi. Sai fuskarta ta yi ja, harshe ya fito, ta fara kakari.

Ya miƙe rabi, kujerar ta faɗi a bayansa. Tana tari, tari mai ƙara, idanu sun kawo ruwa. Ya riƙe bakin teburin da hannu biyu yana sauraron ƙarar kamar mai sauraron sanarwa. Gutsuren ya faɗo a tire. Ta dube shi, ta dubi uban, ta ɗauke shi ta mayar baki. Wannan karon ya ga maƙogwaronta ya motsa.

Ya tayar da kujerar ya zauna. Ya duba ɗakin kamar akwai wanda zai ce ya gani. Da yamma ya sauka ya faɗa wa Kaka. Ta ce Allah ya raya, ta tambaye shi ko ya san dalilin da tashar da take kallo ta ɗauke. Matarsa kuwa bai faɗa mata ba. Wayarsu gajeriya ce kwanakin nan, muryarta ƙasa-ƙasa, kuma bai so ya ba ta murna a kan gutsuren karas guda, ga awo na tafe.

Daga nan ta riƙa ci, amma cin tsuntsu, kuma daga farantinsa kawai. Abin da aka sa mata a tire na wasa ne. Idan ya tashi ɗauko ruwa, ta saki abin da ke hannunta ta bi shi da ido har ya dawo ya zauna. Ayaba ta karɓu, ƙwai ya karɓu, shinkafa mai laushi tana shiga gashi fiye da baki.

Ranar awo Yaya ta sauka a tasha da sassafe, ta wuce asibitin unguwa kai tsaye, ta same su a layi. Doguwar mace ce mai magana ɗaya. Ta karɓi yarinyar ta auna ta a hannu, ta matsa cinyarta. Aka ɗora ta a sikeli. Nas ta ƙwanƙwasa gilashin. Ta ce ba ta ragu ba, har ma allurar ta ɗan leƙa sama, amma in za ta faɗi gaskiya ba abin da za a kira hawa ba ne. Ta dubi uban ta ce shi dai ta ga ya yi kumatu. Wannan karon ba wanda ya yi dariya.

A hanya Yaya ba ta yi maganar ba. Da suka hau bene ta zagaya gidan, ta buɗe kicin, ta shafa saman murhu ta dubi yatsanta, ta ce asibitin da ƙanwarta ke kwance bai kai nan tsabta ba. Sannan ta shiga ɗaki ta buɗe durowar yarinyar ta fara ninke riguna a kan gado. Ta ce motar komawa da la'asar take tashi, kuma gara a yi shi da rana tsaka, kada a tsaya jan rai.

Ya shiga kicin ya ɗora abincin rana, don bai san abin da zai yi da hannuwansa ba. Ya zuba wa Yaya nata, ya jera a tire da ruwa da ƙyallen goge hannu, ya kai teburin, ya ja mata kujera. Ta ce ta ci a hanya. Ta ce ya kawo na yarinyar ta gani da idonta. Ya kawo yankakken dankali da ƙwai. Ta dube su, ta nemi cokali ta murje su wuri guda, ta ɗauki yarinyar ta kwantar a cinya, ta danne hannu ɗaya a ƙarƙashin hammatarta ta riƙe ɗayan. Yarinyar ta datse baki. Yaya ta matsa kumatun. Kuka ya ɓarke, cokali ya shiga ta cikin kukan, abincin ya dawo ta gefen baki, Yaya ta kwashe da cokalin ta mayar. Ta ce duk haka ta yi da nata shidan, kwana biyu a gidanta za ta saba.

Sai a lokacin ya lura da inda yake. Yana jikin bango a tsaye, hannu a baya, tawul a ninke. Yarinyar tana kuka tana neman fuskarsa ta saman hannun Yaya.

"Yaya, don Allah a ba ni ita."

"Ka yi me da ita? Wata huɗu kana yi."

"Ba ta cin na cokali. Sai in ina ci."

"Sai in kana ci." Ta dube shi sama da ƙasa. "Kai kana cin abinci ne? Tun da ka auri ƙanwata ban taɓa ganin bakinka ya motsa ba sai a gaisuwa."

Ya karɓi yarinyar, ya lallashe ta a kafaɗa har shessheƙar ta lafa, ya zaunar da ita a kujerarta. Ya yanko sabon dankali ya zuba a faranti guda. Kujerar da ta rage tana fuskantar Yaya sosai, tazarar hannu ɗaya. Ya zauna. Ya ɗauki yanka ɗaya da yatsu, ya buɗe baki yadda ya saba yi wa 'yarsa, ya sa, ya tauna a hankali. Yana jin idon Yaya a gefen fuskarsa. Ya ce "mmm". Gumi ya gangaro masa ta bayan kunne.

Yarinyar ba ta motsa ba. Idanunta jajur, tana jan hanci, tana kallon baƙuwar. Ya ci na biyu, ya ci na uku. Farantin ya kai rabi. Yaya ta duba agogon hannunta. Ya fara ba Madam labarin wani baƙo da ya zo da kare, a hankali, kamar su biyu ne a ɗakin, don bai san wata dabara ba. A tsakiyar labarin ta juyo ta dubi bakinsa. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta miƙa hannu ta jawo dankali, ta matse rabi ya zube, ta kai sauran baki.

Ta ci wannan. Ta ci ɗan ƙwai. Ta jefar da biyu. Ta ɗauki wani, ta tsotse shi ya jiƙe sharkaf, ta fito da shi ta miƙa masa, hannunta na ɗigar miyau. Ya sunkuya ya karɓa da baki ya haɗiye.

"Wannan shi ne cin?" in ji Yaya. "Kaza ta fi ta."

"Makon jiya ko wannan babu."

Ta dubi ƙasan kujerar. Can ta tambaye shi da wa yarinyar ke ci idan yana wurin aiki. Ya ce ba kowa, sai ya dawo. Ta tambaye shi shi kuma da wa yake ci. Ya nuna yarinyar da haɓa. Yaya ta jawo tiren da ya kawo mata tun ɗazu, abincin ya huce, ta ɗebi loma biyu ba ta ce ya yi daɗi ba. Yarinyar ta juya tana kallon sabon baki.

Da la'asar ta kusa, Yaya ta shiga ɗaki ta ɗauko jakarta. Rigunan da ta ninke ta bar su a kan gado.

"Awo ɗaya na ƙara maka. Ba don kai ba, don ita da uwarta. In na dawo na tarar da allurar nan tana leƙe, ba za mu zauna teburi ba."

"Na gode, Yaya."

"Ka ƙara mata mai a dankalin. Kuma ka rage goge gidan nan, ba kowa ke zuwa ba."

Ya raka ta har bakin titi, ta hana shi wucewa saboda yarinyar. Ya hau benen ya wuce ƙofar Kaka. Talabijin na ta magana, ita kuma ta yi barci a kujera. A sama ya tarar da Madam ta kifa kai a gefen tire, ƙwai a gira, tana numfashi a hankali. Ya ɗauke ta ya kwantar a tsakiyar rigunan.

Ya ɗauko waya ya kira matarsa. Ta yi ta ƙara har ta yanke. A kira na biyu wata murya ta ɗauka, ta ce nas ce. An ƙara mata magani da rana, ta samu barci, ya bari sai gobe. Ta tambaya ko akwai saƙo. Ya buɗe baki, ya rasa yadda zai taƙaita shi ga wadda bai sani ba. Ya ce a'a, gaisuwa ce kawai.

Ya ajiye wayar a kan tebur. Rana ta sauko ta taga ta kwanta a ƙasan falon, kan dankalin da aka jefar. Akwai sauran lokaci kafin abincin yamma, amma ya shiga kicin ya ɗora ruwa a wuta, ya ɗauko karas biyu ya fara ferewa.